Gudun Hijirar Yahudawa a Cikin Ƙagaggun Labaran Yara: Waɗanda Suka Tsira da Waɗanda Aka Bari a Baya

A cikin adabin yara na ƙasashen Turai da Amurka akwai wani reshe wanda ya fara bunƙasa sosai daga wajen 1970, watau ƙagaggun labarai masu tushe cikin tarihi waɗanda ke bayyana yadda iyalan Yahudawa suka bar gidajensu suka yi gudun hijira saboda tsanantawa. Galibinsu an rubuta su ne domin yara 'yan shekara 9 zuwa 13, kuma kusan kullum akan sa tauraron labarin ya zama tsaran mai karatu. Zubinsu ma kusan iri ɗaya ne: iyali na zaune cikin rufin asiri, sai al'amura su rikice, a ɗaure 'yan komatsai cikin dare, a shiga jirgin ƙasa ko na ruwa, a ƙetare iyaka da zuciya a hannu, daga nan kuma a shiga wahalar baƙunci da koyon sabon harshe.

Dalilin da ya sa wannan zubi ya samu karɓuwa ba boyayye ba ne. Gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus da mataimakanta sun hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wajen miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu yara ne. Marubucin da ke son ya sanar da ɗan shekara goma wannan al'amari yana tsaka mai wuya. In ya faɗi kome filla-filla, ya ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa. In kuwa ya sassauta fiye da kima, ya yi wa tarihi ƙarya. A 1977 wani marubucin littattafan yara ɗan Amurka, Eric Kimmel, ya buga maƙala a mujallar Horn Book inda ya kamanta ire-iren waɗannan littattafai da da'irori, wata cikin wata, sansanonin kisa suna can tsakiya, marubuta kuwa suna ta kewaye a gefe sun kasa kutsawa ciki. Labarin gudun hijira yana cikin da'irorin waje. Yana da mafita, domin iyalin da ake bi da labarinsu sukan kai gaci. Nan amfaninsa yake, nan kuma haɗarinsa yake, domin wanda ya tsira shi ne bare a cikin wannan tarihi. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kowane littafi irin wannan da shi shi ne, shin ya bar yaro ya hangi inuwar waɗanda ba su fita ba?

Abin da ya faru

Hitila ya zama shugaban gwamnatin Jamus ranar 30 ga Janairu, 1933. A lokacin Yahudawan Jamus kimanin dubu 500 ne, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. A wannan shekara aka fara korar su daga aikin gwamnati. A 1935 aka kafa dokokin Nuremberg waɗanda suka tuɓe musu haƙƙin zama cikakkun 'yan ƙasa, suka kuma haramta auratayya tsakaninsu da sauran Jamusawa. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, da kashegari, aka ƙone wuraren ibadarsu, aka farfasa kantunansu, aka tura maza wajen dubu 30 sansanonin gwale-gwale.

Mai karatu na iya tambaya, to, me ya hana su tashi gaba ɗaya tun da wuri? Amsar ita ce fita ba a hannun mai gudu kaɗai take ba, sai an samu mai karɓa. Gwamnatin Jamus takan karɓe rubu'in dukiyar mai hali a matsayin harajin barin ƙasa, abin da ya rage kuma a hana shi fita da shi, har ta kai kuɗin hannun da aka yarda mutum ya ƙetare iyaka da su ba su wuce mak 10 ba. Ƙasashen waje kuwa ba sa marhabin da matalauci. A watan Yuli na 1938 wakilan ƙasashe 32 suka taru a garin Ebiyan na Faransa domin su duba matsalar, suka yi ta jawaban nuna juyayi, aka tashi babu wata babbar ƙasa da ta buɗe ƙofarta. Amurka tana da ƙayyadadden adadi na mutum 27,370 a shekara daga Jamus da Ostiriya a haɗe. A watan Oktoba na wannan shekara aka fara buga wa fasfon kowane Bayahude jan harafin J, bayan shawarwari da hukumomin Suwizalan waɗanda ke neman hanyar gane masu gudun hijira tun a bakin iyaka. Ashe ke nan labarin gudun nan labarin takarda ne da kuɗi da sa'a, kuma littafin da ya manta da haka ya manta da rabin maganar.

Zomon da aka bari a Barlin

Littafin da ya fi kowanne shahara a wannan fanni shi ne When Hitler Stole Pink Rabbit na Judith Kerr, wanda ya fito a Ingila a 1971. Ma'anar sunan ita ce lokacin da Hitila ya sace zomo mai launin ruwan hoda. An haifi marubuciyar a Barlin a 1923, ta rasu a Landan a 2019. Mahaifinta, Alfred Kerr, fitaccen mai sharhi ne a kan wasan kwaikwayo, kuma ya daɗe yana yi wa 'yan Nazi ba'a a jarida da rediyo tun kafin su hau mulki. Littattafansa na cikin waɗanda aka ƙone a watan Mayu na 1933. An ce abin da ya zaburar da ita ta yi rubutun shi ne ɗanta, yana ɗan shekara takwas, ya kalli fim ɗin The Sound of Music ya ɗauka haka ƙuruciyar uwarsa ta kasance, ita kuwa ta so ya san yadda abin yake a haƙiƙa.

Tauraruwar labarin yarinya ce 'yar shekara tara mai suna Anna, tana da wa mai suna Max. Ana gab da zaɓen 5 ga Maris, 1933, sai wani ɗan sanda ya tsegunta wa mahaifinsu cewa za a iya karɓe masa fasfo. Yana fama da mura mai zafi, amma a daren ya bar ƙasar. Uwar da yaran suka bi bayansa a jirgin ƙasa zuwa Suwizalan ba tare da sun yi sallama da kowa ba. Kashegarin zaɓe 'yan Nazi suka zo gidan neman fasfunansu. Tazarar da ke tsakanin wannan iyali da halaka ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba, kuma marubuciyar ta faɗi haka a taƙaice ta wuce, ba ta tsaya kaɗa ganga a kai ba.

Gwanintar littafin tana wajen yadda aka tsaya a kan idon yarinya ba a zarce ba. Da ake haɗa kaya an ce kowane yaro ya ɗauki abin wasa guda. Anna ta zaɓi wani sabon karen ulu ta bar tsohon zomonta na ƙyalle, bisa zaton za a aiko da sauran kaya daga baya. Sai aka ƙwace gidan da duk abin da ke ciki. Ga babba, ƙwace dukiyar mutum saboda asalinsa magana ce ta doka da siyasa. Ga 'yar shekara tara kuwa, wani ƙato ne ya sace mata zomo. Yaron da ke karatu bai san harajin barin ƙasa ba, amma ya san zafin rabuwa da abin da ya saba kwana da shi, kuma ta wannan 'yar ƙofa ake shigar da shi babban ɗaki. Haka nan da Anna ta ji an sa ladan mak dubu a kan mahaifinta, sai ta fahimci maganar a zahirinta, ta riƙa ganin tsabar kuɗi na zubo masa a ka har su binne shi. Abin dariya ne, amma tsoron da ke ciki na gaske ne.

Yawancin shafukan littafin ba na tsoro ba ne ma, na talauci ne da baƙunci. A Suwizalan jaridu na ɗari-ɗari da rubutun mahaifin don kada su ɓata wa maƙwabciyarsu Jamus rai. A masaukin da suka zauna, wasu Jamusawa masu yawon hutu sun hana 'ya'yansu wasa da Anna da Max. A Faris iyalin da dā suke da mai aiki a gida suka koma ƙuntataccen ɗaki, uwar da ba ta taɓa girki ba ta shiga koyo, kuɗin haya ya zama abin fargaba kowane wata. Anna ta sha wuya da Faransanci har ta fid da rai, sai wata rana ta ji kanta tana ba da amsa ba tare da ta fara juya maganar daga Jamusanci ba. Duk wanda aka taɓa kai shi makarantar da ba a magana da harshen gidansu zai gane wannan rana. A ƙarshe wani kamfanin fim na Ingila ya sayi wani wasa da mahaifin ya rubuta, kuɗin suka kai su Landan. A rayuwar gaske iyalin Kerr sun isa Ingila a 1936.

Da a nan littafin ya tsaya, da sai a ce labarin yawon buɗe ido ne na 'ya'yan masu hali. Abin da ya fid da shi shi ne wasu 'yan tagogi da marubuciyar ta buɗe ta rufe da sauri. Akwai inda Anna ta tsinci hirar manya game da wani shehun malami da aka ɗaure a ɗakin kare a sansanin gwale-gwale har ya zauce. Akwai kuma aminin mahaifinta, wanda yaran ke kira Kawu Julius, masanin dabbobi, mutum mai sanyin hali wanda ya ƙi barin Jamus domin yana ganin abin ba zai daɗe ba, kuma shi bai shiga siyasa ba. Kakarsa guda ce Bayahudiya. Aka kore shi daga aiki, ya haƙura. Abin da ya rage masa a duniya shi ne zuwa gidan namun daji. Da aka soke masa takardar shiga can, sai ya kashe kansa, ya bar wasiyya a kai wa amininsa agogonsa. Ba a nuna gawa ba, ba a nuna sansani ba, amma yaro mai hankali zai rufe littafin ya san cewa akwai waɗanda suka zauna, kuma ya san abin da zama ya jawo musu.

An fassara littafin zuwa Jamusanci a 1973, ya ci lambar yabo ta adabin yara ta Jamus a 1974, ya kuma shiga makarantun ƙasar. Watau jikokin waɗanda suka kori iyalin sun koyi wannan babi na tarihin ƙasarsu daga bakin yarinyar da aka kora.

Inda aka nufa

Akwai wani abu da littafin Kerr ba zai iya faɗa ba, domin labarin ya ƙare kafin yaƙi, sai dai malami ko uba ya cike giɓin. A 1933 da 1934 wani iyali na Yahudawa ya bar birnin Farankfot na Jamus ya koma Amsitadam ta ƙasar Holan, saboda dalili iri ɗaya da na iyalin Kerr. Ƙaramar 'yarsu ita ce Anne Frank, wadda kundin rubutunta na yau da kullum ya fito a 1947. Su ma 'yan gudun hijira ne, su ma sun fita da wuri, su ma sun koyi sabon harshe. Amma Jamus ta mamaye Holan a watan Mayu na 1940. Mahaifin ya nemi bizar Amurka bai samu ba. Suka ɓuya a 1942, aka kama su a 1944, Anne ta mutu a sansanin Bergen-Belsen a farkon 1945. Kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Holan ba su tsira ba.

Ita kanta Faris inda Anna ta ji daɗin zama ta faɗa hannun Jamus a watan Yuni na 1940, kuma an kwashe Yahudawa kimanin dubu 75 daga Faransa zuwa sansanoni, baƙi 'yan gudun hijira su ne kan gaba. Da kamfanin fim bai sayi wasan nan ba, da wataƙila iyalin Kerr suna Faris lokacin. Bambancin da ke tsakanin yarinyar da ta rayu shekara 95 da wadda ta mutu tana da 15 bai wuce 'yar mashigar tekun da ta raba Ingila da sauran Turai ba.

Jirgin da aka mayar

Marubutan baya-bayan nan sun fi na dā ƙarfin halin nuna ƙofofin da aka rufe. Misali shi ne littafin Refugee na Alan Gratz, ɗan Amurka, wanda ya fito a 2017. Ya saƙa labarin yara uku: Josef, Bayahude daga Jamus a 1939, da Isabel daga Kuba a 1994, da Mahmoud daga Siriya a 2015. Labarin Josef an gina shi a kan tafiyar jirgin ruwan St. Louis, wanda ya tashi daga Hambag ranar 13 ga Mayu, 1939, da fasinja 937, kusan dukansu Yahudawa. Kuba ta ƙi barin mafi yawansu su sauka. Jirgin ya bi gaɓar Amurka har fasinjoji suna hangen fitilun Mayami, nan ma ba a karɓe su ba. Ya juya Turai, inda Ingila da Faransa da Beljiyam da Holan suka raba su. Daga cikin waɗanda suka sauka a ƙasashe ukun da Jamus ta mamaye daga baya, 254 sun hallaka.

Gratz bai kuɓutar da tauraronsa ba. A Faransa sojojin Jamus suka tare Josef da uwarsa da ƙanwarsa, aka ce uwa ta zaɓi ɗa guda da za a saki, Josef ya miƙa kansa. Ƙanwar ce ta rayu, kuma ita ce tsohuwar da ta sauki iyalin Mahmoud a Barlin bayan shekara saba'in da 'yan kai. Ana iya cewa wannan ƙulli ya cika kyau, ɗinkin ya fito fili, kuma kowane babi yana ƙarewa ne a kan gaɓar fargaba kamar wasan talabijin. Duk da haka littafin ya yi abin da na 1970 ba su cika yi ba: ya nuna wa yaro Ba'amurke cewa ƙasarsa na cikin waɗanda suka ce a'a.

Number the Stars na Lois Lowry, wanda ya fito a 1989 ya kuma ci lambar Newbery a 1990, ya bi wata hanya dabam. Ya ɗauko abin da ya faru a Denmak a watan Oktoba na 1943, lokacin da jama'ar ƙasar suka tsallakar da Yahudawa fiye da dubu 7 zuwa Suwidin cikin jiragen masunta, waɗanda aka kama ba su kai 500 ba. Littafi ne mai daɗin karatu, amma akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, tauraruwar Annemarie ba Bayahudiya ba ce, ƙawarta Ellen ce ake ceto, don haka mai karatu yana tsaye ne a matsayin mai taimako, ba ya ɗanɗana halin wanda ake farauta. Na biyu, Denmak ita kaɗai ce irinta. A Folan Yahudawa wajen miliyan 3 aka kashe, watau tara cikin kowane goma. Yaron da bai karanta kome ba sai wannan littafi zai tashi da zaton maƙwabta sukan tashi tsaye, alhali a yawancin wurare sun kau da kai ne, wasu ma sun nuna ƙofa.

Ba duka littattafan ne suka shafi zamanin Hitila ba. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan 2 sun bar daular Rasha da gabashin Turai zuwa Amurka saboda hare-hare da talauci. Letters from Rifka na Karen Hesse, na 1992, ya bi wata yarinya da ta gudu daga Rasha a 1919, aka hana ta shiga jirgi tare da iyayenta saboda ciwon fatar kai, ta zauna ita kaɗai a Beljiyam, sannan aka sake tsare ta a tsibirin Ellis a bakin Niyok. A nan ma likita da ma'aikacin shige da fice su ne masu yanke hukunci.

Iyakar ƙage

Tun da ƙagaggen labari ne, marubuci na da damar ƙirƙiro mutane da hira da ƙananan al'amura. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya ƙirƙiro abin da zai sauya fahimtar yadda zaluncin ya gudana. Shi ya sa aka yi ta sukar The Boy in the Striped Pyjamas na John Boyne, na 2006, inda ɗan kwamandan sansanin Auschwitz ke zama a bakin waya yana hira da wani yaro fursuna, bai kuma san abin da ubansa ke yi ba. Galibin yaran da aka kai wannan sansani a ranar da suka isa ake kashe su, kuma ɗan babban jami'in Nazi ba zai jahilci ko su wane ne Yahudawa ba. A 2020 gidan tarihin Auschwitz ya ba masu koyo da masu koyar da wannan tarihi shawarar su guji littafin. Mafi muni, juyayin mai karatu a ƙarshe yana komawa ne kan iyalin kwamandan.

Manazarcin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙagaggen labari ne mai tushe cikin tarihin cinikin bayi, an kuma daɗe ana karanta shi a makarantu. An sace yaro, uwa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, kuma da suka sadu a ƙarshe ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin ya bar tauraronsa ya tsira ya zama malami, amma bai mayar masa da abin da aka raba shi da shi ba.

Wani abin da littattafan gudun hijira suka fi jingina a kai shi ne kasancewar iyali wuri guda. Anna takan ce muddin suna tare ba ta jin kanta 'yar gudun hijira, kuma babban tsoronta shi ne a raba ta da iyayenta. Wannan ma gata ne da dubbai ba su samu ba. Daga Disamba 1938 zuwa farkon yaƙi a Satumba 1939 Ingila ta karɓi yara kimanin dubu 10, galibinsu Yahudawa, daga Jamus da Ostiriya da Cekosulobakiya da Folan, bisa sharaɗin su zo ba tare da iyayensu ba. An yi sallama a tashoshin jirgin ƙasa da alkawarin saduwa ba da daɗewa ba, kuma da yawa daga cikin yaran ba su sake ganin iyayensu ba. Judith Kerr ta san irin sa'ar da ta taka. A 2013, tana da shekara 90, ta fitar da littafin tarihin rayuwarta da zane-zanenta, ta sadaukar da shi ga yaran Yahudawa miliyan ɗaya da rabi waɗanda ba su yi irin sa'arta ba, da kuma zanen da za su yi da sun rayu.